Littafin awon nauyina: cutar PCOS, rage ƙiba, da hawa da saukar sikeli

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Yau na fara bin tsarin rage ƙiba da likitar mata ta shata mini, kuma zan riƙa rubuta abin da ya gudana a wannan littafi domin in kai mata shi duk lokacin da na koma asibiti. Shekaruna 31, tsayina mita 1.62, nauyina da safiyar yau kilo 88.4, ƙuguna kuwa, da na zagaya shi da tef ɗin tela a saitin cibiya, santimita 101 ne.

A watan Agusta aka tabbatar mini da cutar PCOS, bayan na daɗe ina fama da tsallaken al'ada, da gashin da ke tsiro mini a haɓa, da wani baƙi da ya kewaye mini bayan wuya wanda babu sabulun da ya fitar da shi. Likita ta ce tun shekarar 2003 masana suka yi matsaya a birnin Rotadam cewa ana tabbatar da cutar idan an sami alamomi 2 daga cikin 3: rashin fitar ƙwai a kan lokaci, yawan homon maza (sinadarin da jiki ke fitarwa mai kawo siffofin maza) a jikin mace, da tarin ƙananan ƙulluttuka a ma'ajiyar ƙwai idan an ɗauki hoton mara. Ni duka ukun aka samu. Cutar tana kama kimanin mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce waɗanda ke ɗauke da ita ba tare da an gano ba suna iya kaiwa kashi 70 cikin 100. Abin da ya fi shafar wannan aiki nawa shi ne jikin mafi yawan masu cutar ba ya jin insulin, wato sinadarin da ke shigar da sukarin jini cikin sassan jiki, yadda ya kamata, sai jiki ya yi ta ƙara fitar da shi, yawansa kuma yana sa tara kitse a ciki, yana kuma ƙara wa homon maza ƙarfi.

Burin da aka sa mini shi ne in rage kashi 5 cikin 100 na nauyina, wato kilo 4.4, in dawo kilo 84, domin ko wannan ɗan ragin yana iya taimaka wa al'ada ta daidaita. Ba a ce in yi yunwa ba. An ce in raba malmalar tuwona biyu, in fifita tuwon dawa da acca da wake a kan farar shinkafa da burodi, in cika rabin faranti da ganye, in bar lemon kwalba da sukarin shayi. An kuma ɗora ni a kan metfomin, maganin da ke rage sukarin jini ya kuma taimaka wa jiki jin insulin, miligiram 500 sau ɗaya tare da abincin dare.

Na sayi sikeli mai batir a kasuwar Sabon Gari ta Zariya a kan naira 17,500, tef naira 500, maganin wata ɗaya naira 4,200, sai wake da acca da busasshen zogale na naira 11,000. Kafin in rubuta nauyin farko na gwada sikelin a wurare biyu: a kan kafet ya ba ni 87.1, a kan simintin tsakar gida ya ba ni 88.4. Na zaɓi simintin, na zana wurin da alli, kuma ƙa'idata ita ce awo da safe bayan na kewaya, kafin in ci ko in sha, da riga iri ɗaya.

Laraba, 8 ga Oktoba

Kilo 87.2. Fitsari ya yawaita ƙwarai, kuma kaina yana ɗan sarawa da la'asar. Karin kumallo alala ne da shayi babu sukari, da rana kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, da dare rabin malmalar tuwon dawa da miyar kuɓewa.

Asabar, 11 ga Oktoba

Sikeli ya nuna 86.2, wato kilo 2.2 sun tafi cikin mako guda. Maigidana ya yi murna, ya ce a wannan tafiya kafin ƙarshen wata an gama aiki, sai na maimaita masa gargaɗin da likita ta yi mini tun ranar farko, cewa mafi yawan abin da ke zubewa a makon farko ruwa ne.

Bayanin shi ne jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka a matsayin gilaikojin, kimanin giram 100 a hanta da kusan giram 400 a tsoka, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa kusan giram 3, kamar garin kwaki da aka jiƙa ya kumbura. Idan mutum ya rage tuwo da shinkafa, jiki yakan fara cin wannan ajiya, ruwan da ke tare da ita kuma ya fita ta fitsari. Akwai dalili na biyu da ya fi shafar masu irin lalurata: insulin yana sa ƙoda ta riƙe sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, sodiyam kuma yana jan ruwa, saboda haka da insulin ya sauka sai ƙoda ta saki duka biyun. Wannan ne ya sa nake yawan kewayawa tun ranar Litinin. Tef ya ba ni santimita 100, ragin da bai kai a kafa hujja da shi ba. Na rubuta a gefen shafi cewa kitsen da na rage a gaskiya ba zai wuce rabin kilo ba, kuma ruwan da ya fita yana iya dawowa duk ranar da na ci shinkafa da yawa.

Talata, 14 ga Oktoba

Kamar yadda aka tsara, ranar Lahadi na ƙara metfomin zuwa sau biyu a rana, safe da dare. Tun daren Lahadin cikina ya rikice da murɗa da gudawa, ga tashin zuciya da ɗanɗanon ƙarfe a baki, har jiya sai da na bar ajin da nake koyarwa sau da yawa ana tsakiyar darasi. Da safiyar yau nauyi 85.4 ne, amma leɓena a bushe yake kuma idan na miƙe jiri yana ɗibata, don haka ban lissafa wannan sauka a cikin nasara ba.

Na kira likita a waya. Ta ce rikicewar ciki sanannen abu ne a farkon shan wannan magani kuma yakan lafa, ta ce in koma sau ɗaya na tsawon mako guda, in riƙa haɗiye ƙwayar a tsakiyar cin abinci, in kuma sha ruwan gishiri da sukari na leda har gudawar ta tsaya. Idan ba ta tsaya ba, akwai nau'in maganin mai narkewa a hankali da za a sauya mini, ko da yake ya fi tsada. Na sayi ruwan gishirin na naira 600.

Litinin, 20 ga Oktoba

Wannan ce rana ta farko da sikeli ya girgiza ni. Jiya da safe 85.9 nake, yau 87.6, ƙarin kilo 1.7 a dare ɗaya.

Jiya aka yi sunan ɗiyar ƙanwar maigidana a cikin birni, wajen Ƙofar Gayan, kuma tun hantsi muke can har bayan isha'i. Da safe an kawo waina da miyar taushe, da rana shinkafa dafa-duka, da yamma kuma 'yan matan gidan suka yi ɗan wake da mai da yaji. Na ci daga kowanne daidai gwargwado, domin Hajiya, surukata, da kanta ta ajiye mini kwano tana cewa, "'Yata, ba a zuwa gidan suna a koma da yunwa," kuma ba na ganin ladabi ne in mayar mata da shi yadda ya zo. Lemon kwalba kaɗai na ƙi.

Da na ga lambar, na zauna na yi lissafi kafin in bar damuwa ta kama ni. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana daidai da kalori kusan 7,700 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa), saboda haka kafin mutum ya tara kilo 1.7 na kitse sai ya ci kalori fiye da 13,000 a kan bukatar jikinsa, wanda ya kusa kai abincin mako guda cif. Waina uku da faranti ɗaya na shinkafa da ɗan wake kaɗan ba su kusanci wannan adadi ba. Abin da ya hau sikeli abu uku ne: gilaikojin da ya sake cika tare da ruwansa, abincin da har yanzu yake cikin hanji, da gishiri.

Batun gishirin ya kamata a tsaya a kansa, domin yana ɓoye a girkinmu ta hanyoyin da harshe ba ya ganewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, kuma a tukunyar taro ba a ƙirga shi, zubawa ake yi. Yajin da ake barbaɗa wa ɗan wake an daka shi da magi da gishiri. Ita kanta kanwar da ake kwaɓa ɗan wake da ita, da wadda muke jefawa a miyar kuɓewa ko a tukunyar wake, sodiyam ce a cikinta duk da cewa ba ta da ɗanɗanon gishiri. Na kwana ina shan ruwa saboda ƙishirwa, na tashi fatar idona a kumbure, zobena kuma ya ƙi juyawa a yatsa.

Likita ta riga ta ce a irin wannan rana kada in rama da ƙin cin abinci, don haka na koma tsarina kamar babu abin da ya faru, na ƙara shan ruwa, na kuma dafa faten wake da alayyafo da daddawa a madadin magi.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Kilo 86.0. Zoben ya saki tun jiya. Na koma shan metfomin sau biyu, kuma cikina bai tayar ba.

Asabar, 25 ga Oktoba

Daga yau na sauya yadda nake karanta sikeli. Zan ci gaba da hawa kullum, amma lambar da zan yi hukunci da ita ita ce matsakaicin mako, wato in tara awon kwana 7 in raba da 7. Na wannan mako daga Lahadi zuwa yau: 85.9, 87.6, 87.1, 86.5, 86.0, 85.9, 85.8. Jimillarsu 604.8, matsakaicinsu 86.4. Na makon jiya 86.1 ne, sai dai gudawa ta ja shi ƙasa, na wannan makon kuma bikin suna ya ɗaga shi sama, ke nan gaskiyar tana tsakani. Wata abokiyar aikina ta ce ita da ta daina hawa sikeli kullum ta sami kwanciyar hankali, kuma na yarda akwai waɗanda haka ya fi musu. Ni dai na ga cewa da sau ɗaya nake awo a mako, ranar awon kuma ta faɗo a Litinin ɗin nan, da na yi zaton dukan wahalata ta tashi a banza. Ƙugu santimita 99.5.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na fara tafiyar ƙafa ranar Litinin bayan sallar asuba, ni da maƙwabciyata, daga gidanmu a Tudun Wada zuwa wajajen Kongo mu dawo, kimanin minti 40, kafin mashina da Keke Napep su cika hanya. Na sayi takalmin kambas na gwanjo naira 6,500. Cinyoyina da sharaɓana sun yi tsami sosai har ruku'u yana yi mini wuya, nauyi kuma ya ɗaga da kusan rabin kilo ranar Talata da Laraba alhali abincina bai canza ba. Tsokar da ba ta saba da aiki ba takan ɗan kumbura ta riƙe ruwa yayin da take gyara kanta, kuma da tsamin ya lafa jiya sai lambar ta sauka. Matsakaicin mako 85.9.

Na kuma lura cewa washegarin azumin nafila na Alhamis nauyi yakan faɗi sannan ya dawo ranar Asabar, saboda haka na fara sa alama a gaban ranakun azumi don kada su ruɗe ni.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Na je asibiti. Sikelinsu ya ba ni 87.0, na gida da safe 85.8, kuma bambancin bai dame ni ba tunda a can na hau da atamfa da hijabi da takalmi bayan na karya kumallo. Likita ta duba littafin shafi-shafi, ta ce saukar da matsakaicin mako ke nunawa ita ake so, domin mai jikin da ba ya jin insulin ba kasafai yake rage nauyi da sauri ba.

Abin da ya ɗauki hankalinta shi ne al'ada, wadda rabona da ita tun ƙarshen Yuli. Ta ce idan aka wuce kwana 90 ba a ga jini ba, bangon mahaifa yana ci gaba da kauri, kuma barinsa haka shekara da shekaru yana da haɗari, don haka ba a zura masa ido. An yi mini gwajin ciki, babu ciki. Sai ta rubuta mini ƙwayar furojestin, maganin homon mata da ke sa jinin al'ada ya zo, ta kwana 10, ta ce jinin yakan zo cikin 'yan kwanaki bayan an gama sha. Ta yi mini kashedi da babbar murya: "Malama, sikeli zai hau a kwanakin nan, kada ki rage abinci saboda shi." Ta kuma lissafa alamomin da idan na gani in zo nan take ba tare da jiran ranar ganin likita ba: kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, numfashi sama-sama, ciwon ƙirji, matsanancin ciwon kai ko dishi-dishin gani.

An kuma ɗebi jinina don awon tayirod, saboda raunin wannan ƙullutu na maƙogwaro shi ma yana kawo ƙiba da kumburi da rikicewar al'ada, kuma ana son a tabbatar ba shi ke ƙara wa lamarin nauyi ba. Ganin likita naira 5,000, gwajin ciki 1,500, awon tayirod 12,000, magunguna 9,800, kuɗin mota 1,600. Jimilla naira 29,900, wadda ta cinye abin da na ware wa wannan wata tun a makon farko.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Kilo 86.7. Ƙirjina ya yi nauyi, cikina a cushe. Matsakaicin makon jiya 85.9, bai motsa ba. Sakamakon tayirod ya fito lafiya.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Kilo 87.9, wato rabin kilo kacal ya rage in koma inda na fara. Duk da cewa an gaya mini haka za ta faru, ganin lambar da idona ya yi mini ciwo, har na zauna a bakin gado na yi kuka kafin in shirya wa yara abin kari. Tun farkon Oktoba ban sa lemon kwalba a bakina ba, ina kallon mutanen gida suna cin shinkafa da miya ina cin acca, ina fita cikin sanyin asuba, amma sikeli yana nuna kamar babu abin da na yi.

Jikin kansa yana faɗin cewa ruwa ne. Robar safa ta bar mini zane mai zurfi a idon sawu, zoben aurena na cire shi da sabulu tun Talata na ajiye, siket ɗin da ya fara yi mini yawa ya sake kama ni da yamma. Na duba ƙafafuna kamar yadda likita ta koya mini: kumburin daidai yake a duka biyun, babu zafi, babu ja, numfashina kuma lafiya lau. Akwai kuma yunwa da kwaɗayin zaƙi da suka ƙaru ƙwarai da wannan magani, waɗanda nake tarewa da dafaffen ƙwai, da soyayyar gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya, da kindirmo babu sukari.

A ɗakin malamai wata da ke sayar da kayan mata ta ga fuskata a kumbure, ta kawo mini wani shayin rage teɓa na naira 8,000, tana rantsuwa cewa cikin kwana uku ana zubar da kilo 3. Na karanta jikin kwalin, na ga ganyen filasko ne a sahun farko na abin da aka haɗa. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san aikin filasko, wato wanke ciki. Na yarda sikeli zai sauka, domin zawo yana fitar da ruwa da abin da ke cikin hanji, amma kitse yana nan inda yake, ruwan kuma zai dawo da zarar an daina sha, ga haɗarin zubar da gishirin jiki irin su fotasiyam da zuciya ke bukata. Ga mai shan metfomin abin ya fi muni, tunda bushewar jiki tana wahalar da ƙoda, ita kuma ƙoda ce ke fitar da maganin. Abin da ke damuna da wannan kasuwanci shi ne yana samun mata ne daidai ranar da suka fi rauni, kuma da yawansu suna ɗauke da irin cutata ba su sani ba. Na yi mata godiya na mayar mata da kayanta.

Da dare na kira Innata na gaya mata halin da nake ciki. Ta ce ita ma a zamanin da take al'ada zaninta yakan matse ta idan lokaci ya gabato, sai dai ba su da sikelin da zai tayar musu da hankali, ta kuma ce in riƙe maganar likita in bar maganar 'yan talla.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Jiya na sha ƙwayar furojestin ta ƙarshe. Matsakaicin mako 87.1, ƙugu santimita 100. Abinci da tafiyar asuba suna nan yadda suke.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Al'ada ta zo ranar Laraba, da yawa kuma da ciwon mara, kamar yadda aka ce za ta kasance bayan dogon jinkiri. Daren Alhamis na yi ta tashi fitsari, da gari ya waye sikeli ya nuna 86.0, yau kuma 85.1, lambar da ban taɓa gani ba tun da na fara. Ke nan a kwanakin da nauyi yake hawa kitse yana ci gaba da raguwa a ƙarƙashin ruwan, sai da ruwan ya janye ragin ya bayyana. Zobe ya koma yatsa. Matan da al'adarsu ke zuwa a kan lokaci sukan ga irin wannan hawa da sauka duk wata kuma suna sanin ranar da za su sa rai da shi, amma mai PCOS ba ta da wannan kalanda, shi ya sa kumburin yake zuwar mata ba zato. Na buɗe sabon layi a littafin don rubuta alamomin jiki kullum, ciwon ƙirji da cushewar ciki da kwaɗayi, ko zan fara gane zagayen ta hanyarsu. Matsakaicin mako 86.3.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Matsakaicin mako 85.0, ƙugu santimita 97.5. Hunturu ya sauka sosai, hazo ya rufe dutsen Kufena, kuma sanyi ya sa ƙishirwa ba ta kama ni, har na wayi gari ranar Laraba da taurin bayan gida da ƙarin giram 600. Na auna gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, na sa wa kaina dokar shanye ta kafin a tashi daga makaranta, sannan in ƙara wani a gida. Na dawo da miyar kuka da kuɓewa, na ƙara gwanda da kabeji da karas, waɗanda suka yi araha a kasuwar Tudun Wada a wannan lokaci. Ranar Juma'a ciki ya warware, lambar ta koma. Saboda ƙura da sanyin asuba mun mayar da tafiya zuwa bayan la'asar a filin makaranta. Kayan ganye da 'ya'yan itace na wannan mako naira 4,500.

Asabar, 6 ga Disamba

Makon jarrabawa. Ina kaiwa ƙarfe ɗaya na dare ina duba takardun ɗalibai, barcina bai wuce awa 5 ba, tafiya kuma ta tsaya. Matsakaici 85.1. Ƙarancin barci yana ɗaga homon kotisol da jiki ke fitarwa lokacin damuwa, yana ƙara yunwa, yana kuma rage jin insulin, kuma na ga alamar haka a yawan neman abin taunawa da tsakar dare.

Asabar, 13 ga Disamba

An yi bikin ɗiyar yayata a Samaru daga Alhamis zuwa yau. Wannan karon na shirya tun daga gida: nakan ci ƙwai da alala kafin in fita, a wurin biki in zaɓi nama da salak da shinkafa kaɗan, in bar yaji, in riƙe gorar ruwata. Na kuma rubuta tun ranar Laraba cewa ina sa ran ƙarin kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Da safiyar yau ƙarin giram 900 ne, kuma ban ji komai a raina ba da na gan shi. Matsakaicin mako 84.8. Tela ta rage mini ɗinkin anko a ƙugu kafin in sa shi, naira 1,000.

Laraba, 17 ga Disamba

Ranar komawa asibiti. An maimaita awon sukari na wata 3, wanda a Agusta ya nuna 5.9 cikin 100, yanzu kuma 5.7. Likita ta ce daga 5.7 zuwa 6.4 ana ɗaukarsa matakin gab da ciwon sukari, saboda haka har yanzu ina bakin iyaka, amma alƙiblar ta yi kyau. Hawan jinina lafiya. Baƙin wuyana ya ɗan dushe, gashin haɓa kuwa yana nan, kuma ta ce shi ne alamar da ta fi jinkirin sauyawa, yakan ɗauki wata 6 ko fiye.

Ta zana layi biyu a takarda daga lambobin littafina, ɗaya na awon kullum, ɗaya na matsakaicin mako. Na farkon ya yi ta tsalle tsakanin 84 da 88, na biyun kuma ya gangaro a hankali, in ban da tudun da furojestin ya yi masa a tsakiyar Nuwamba. Ta ce idan al'ada ta zo da kanta kafin tsakiyar Fabrairu ba sai an maimaita ƙwayar ba, idan kuwa ba ta zo ba za mu zauna mu duba ko a maimaita ko a sauya hanya, musamman da yake muna son ƙarin haihuwa. Ta ƙara da cewa mai shan metfomin na dogon lokaci ana duba masa bitamin B12, domin maganin yana iya rage shi, kuma za a sa wannan a awon shekara mai zuwa. Ganin likita da awo da maganin wata biyu sun ci naira 24,300.

Asabar, 20 ga Disamba

Matsakaicin mako 84.4, ƙugu santimita 96. Saura giram 400 in kai kilo 84. Tun jiya ƙirjina ya ɗan yi nauyi kuma sikeli ya ɗaga da giram 700 ba tare da biki ko gishiri ba, na rubuta shi a layin alamomi, domin kwanakin sun yi daidai da wata guda daga zuwan jinin Nuwamba.

Mataki na gaba zai fara ranar Litinin ya kai ƙarshen Janairu. Zan ci gaba da awon safe da matsakaicin mako, tef kuma duk Asabar. Zan ƙara motsa jiki na ƙarfafa tsoka sau biyu a mako a cikin ɗaki, tashi da zama daga kujera da ɗaga gorunan ruwa, saboda tsoka ce ke shanye mafi yawan sukarin jini, kuma na san nauyi zai ɗan hau a makon farko kamar yadda ya yi da na fara tafiya. Zan sayi dawa da wake da acca na wata biyu yanzu da kaka ta sa farashi ya sauka, na ware naira 30,000 don haka, da wata 15,000 ta magani da batirin sikeli. Azumin Ramadan zai kama a cikin Fabrairu in Allah ya kai mu, don haka likita ta ba ni ranar 28 ga Janairu mu tsara lokutan shan metfomin tsakanin buɗa baki da sahur, da abin da zai maye gurbin kunu mai sukari da soye-soyen shan ruwa.